Kukan ƙananan tsuntsaye: tasbihi ne ko neman mata?

Ƙananan tsuntsaye masu waƙa suna da yawa a ƙasar Zuru: kanari, da marai mai saƙa sheƙa, da baiwar Allah da ke kiwo a tsakar gida. Dangin da masana ke kira Troglodytidae, waɗanda suka yi suna da ƙarfin murya, ba su iso nan ba. Sun haura nau'i 80, kusan duka a nahiyar Amurka, kuma wanda ake samu a Turai da Arewacin Afirka bai wuce kimanin giram 10 ba. Amma tambayar da kukansu ke tayarwa ɗaya ce ko'ina: me tsuntsu yake faɗa?

Masana halittu sun ce galibi namiji ne ke rera waƙa, don ya tsare yankinsa daga wasu maza, ya kuma jawo mace. Shi ya sa kukan ke ƙaruwa da faɗuwar damina, lokacin sheƙa.

Alƙur'ani kuwa, a Suratun Nur aya ta 41, ya sanya tsuntsaye cikin masu tasbihi. Malaman tafsiri sun saɓa a nan. Wasu sun ce tasbihi ne na haƙiƙa wanda ɗan Adam ba ya fahimta, suna kafa hujja da Suratul Isra'i aya ta 44 da kuma Annabi Sulaimanu da aka sanar da shi zancen tsuntsaye. Wasu sun ce na hali ne, wato tsarin halittar tsuntsun shi ke shaida Mahalicci. A kan ra'ayi na biyu, bayanin masana bai rushe komai ba, domin kiran mace ma yana cikin wannan tsari. Ko na farkon bai tilasta zaɓi ba: manomin da ke zikiri yana huɗa, noma yake yi, ibada kuma yake yi.

Inda maganar ke tsauri shi ne gona. Tsuntsayen jan baki kan sauka dubbai a kan dawa da shinkafar Jihar Kebbi. Fiƙihu ya halatta kawar da mai ɓarna da yanka don ci, amma hadisin da Nasa'i ya ruwaito ya nuna za a tuhumi wanda ya kashe ɗan tsuntsu ba da haƙƙi ba. Kiristocin Zuru ma suna karanta a Matiyu sura ta 10 cewa faɗuwar ɗan tsuntsu ba ta ɓuya ga Allah. Saboda haka yaron da ke tsaron gona da majajjawa hukuncinsa daban ne da na mai harbin baiwar Allah da danƙo don wasa.