Aron Waƙa: Ina Iyakar Halal da Haram?

A gidajen rawa na Turai, da wuya dare ya ƙare ba a ji tsohuwar waƙa sanye da sabuwar riga ba. Hanyoyin yin haka biyu ne. Ko dai wani mawaƙi ya sake rera waƙar da muryarsa, ko kuma mai haɗa sauti ya ɗauko ainihin muryar da aka naɗa, ya yanke ta, ya ɗora mata bugun ganga mai sauri domin masu rawa. Tambayar da wannan sana'a ke tayarwa tsohuwa ce: yaushe ne aro yake girmamawa, yaushe kuma yake zama sata?

Amsa ta farko tana wajen izini. A shekarar 2005, lokacin da Madonna ta so gina waƙarta "Hung Up" bisa kiɗan wata waƙar ƙungiyar ABBA ta 1979, sai da ta aika wa Benny Andersson da Björn Ulvaeus wasiƙar roƙo, suka amince. A 2004, Eric Prydz na ƙasar Suwidin ya mayar da "Valerie" ta Steve Winwood kiɗan rawa, kuma mai waƙar da kansa ya sake rera masa baitin. Akasin haka shi ne labarin "Lambada", wadda ƙungiyar Kaoma ta fitar a Faransa a 1989. Karin waƙar na Los Kjarkas ne, mawaƙan Bolibiya da suka rera shi tun 1981, amma ba a ambaci sunansu ba sai da suka kai ƙara suka yi nasara. A nan hukunci ba shi da wuya: wanda ya ci gumin wani ya ɓoye sunansa, ya yi zalunci.

Sai dai doka ba ta ƙare zancen ba. Yarjejeniyar Berne ta 1886 da dokokin da suka biyo bayanta suna kāre mai waƙa da magadansa, a Tarayyar Turai har shekara 70 bayan rasuwarsa. To, waƙar da ba a san mai ita ba fa, wa za a roƙa?

"Bella Ciao" misali ce. Waƙa ce ta Italiya da aka danganta da ƴan gwagwarmayar da suka yaƙi mulkin kama-karya da sojojin Jamus daga 1943 zuwa 1945, kuma ana rera ta kowace ranar 25 ga Afrilu, ranar tunawa da ƴantar da ƙasar. A cikinta, mayaƙi ne ke bankwana, yana wasiyyar inda za a binne shi in ya faɗi. Bayan wasan talabijin na Sifaniya "La Casa de Papel" ya yaɗa ta, shekarar 2018 ta zo da ita cikin kiɗan rawa iri-iri, har Maître Gims da abokansa suka mayar da ita waƙar rabuwar masoya. Ba wanda ya karya doka. Duk da haka, mutane da yawa sun ji kamar an yi rawa a kan kabari.

Masu kāre wannan aiki suna da hujja mai ƙarfi. Waƙar da aka kulle a akwati mutuwa take yi. Matashin da ya fara jin ta a filin rawa yana iya neman asalinta daga baya. Makaɗan Hausa ma ba su taɓa ɗaukar kari a matsayin gonar mutum ɗaya ba: yaro yakan gāji amshi daga ubangidansa. Amma yaron makaɗi ya san wa aka yi wa waƙar, ya san ranar da ta dace da ita, ba ya kai kiɗan jana'izar sarki gidan biki.

Abin da ya raba su ke nan. Waƙa tana da masu haƙƙi biyu: wanda ya tsara ta, da mutanen da ta ɗauki baƙin cikinsu ko farin cikinsu. Na farko ana biyansa da kuɗi da ambaton suna. Na biyu ba su da lauya, ba abin da ke biyansu sai sanin abin da waƙar ke nufi da kiyaye shi. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: mai aron da ya amfana da farin jinin waƙa, wajibinsa ne ya isar da labarinta ga waɗanda ya sa rawa.