Ko Gaskiya Ne Araha Ba Ta Ado?

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya halicci ɗan Adam, ya kyautata surarsa, ya kuma hore masa abin da zai suturta jikinsa ya ƙawata shi. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, duk wanda ya ratsa kasuwar Kwanar Ɗangora ta ƙasar Kiru, a kan hanyar Kano zuwa Zariya, ba zai rasa ganin mata sun yi cirko-cirko a gaban teburin mai kayan shafa ba. Wata ta ɗauki kwalbar mai ta juya ta, ta tambayi kuɗinta, ta ajiye a hankali. Mai tebur kuwa ya san abin da ajiyewar ke nufi, sai ya sunkuya ya ciro wata 'yar roba marar suna, ya ce wannan haɗi ne, aikinsu ɗaya, kuɗinsa kuma bai kai rabi ba. A daidai wannan tsayuwa akwai mas'ala ta addini, ko da yake mai saye da mai sayarwa ba safai suke ganinta haka ba. Matar nan tana tsakanin abu uku ne, watau ta ci bashi ta sayi mai tsada, ko ta karɓi haɗin da ba ta san abin da ke cikinsa ba, ko kuwa ta koma ga abin da uwarta da kakarta suka shafa. Wanne ne Shari'a da hankali suka yarda da shi?

Kafin a amsa, wajibi ne a kawar da wata fahimta da ta zauna a zukatan wasu maza, cewa kwalliya wasan banza ce, idan kuɗi ya yi wuya ita ce farkon abin da za a yanke. Musulunci bai ce haka ba. A cikin Suratul A'arafi, aya ta 31 da ta 32, Allah Maɗaukakin Sarki ya umarci 'yan Adam da yin ado, ya ƙalubalanci mai haramta ƙawar da ya fitar domin bayinsa, kuma a wuri guda ya hana almubazzaranci. Imamu Muslim ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'udu cewa wani mutum ya ji tsoron kada son tufa mai kyau da takalmi mai kyau ya zama girman kai, sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kwantar masa da hankali, ya nuna masa cewa kyau abin so ne a wurin Allah, girman kai kuwa shi ne ƙin gaskiya da raina mutane.

Malaman Malikiyya sun kai maganar har cikin haƙƙoƙin aure. Shehu Halilu, a babin ciyarwa na littafinsa Muhtasar wanda ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, ya lissafa kwalli da man shafawa da lalle da kayan gyaran kai a cikin abin da ya wajaba miji ya sama wa matarsa, muddin barinsu zai cuce ta. Amma ya ɗaure dukan ciyarwa da ma'auni, watau al'adar wuri, da ƙarfin miji, da matsayin matar, da gari, da farashin kaya. Ke nan mijin da ya hana man shafawa a tsakiyar hunturu, ƙafar matarsa tana faso, ya tauye haƙƙi. Matar da ta kafe sai irin man da ta gani a waya a hannun matan Abuja, alhali mijinta manomin masara ne a Zuwo ko Yako, ita ma ta ƙetare ma'auni. Aya ta 7 ta Suratuɗ Ɗalaƙi ta riga ta raba wannan gardama, inda ta ɗora wa mawadaci gwargwadon wadatarsa, wanda aka ƙuntata wa kuma gwargwadon abin da aka ba shi.

Abin da ya sa maganar ta yi zafi a 'yan shekarun nan sananne ne. A ranar 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur, a watan Yuni na shekarar kuma aka saki darajar naira. Dalar Amurka da hukuma ke sayarwa wajen naira 460 ta haura naira 1,500 a cikin 2024, hauhawar farashi kuma ta wuce kashi 34 cikin ɗari a watan Disamba na shekarar. Kayan shafa na kanti galibi daga waje ake shigo da su, ko a shigo da kayan haɗa su, don haka suka bi dala suka tashi. Buhun da manomin Tudun Wada ko Doguwa zai sayar ya cika akwatin lefe da mayuka da hoda da turare, shi ne buhun da gida zai nema a watan Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa.

To, hanyar farko, watau bashi ko cinye adashi don kwalbar mai, hukuncinta a fili yake. Almubazzaranci ba a auna shi da yawan kuɗi, ana auna shi ne da halin mai kashewa. Abin da ya halatta ga matar attajiri yana iya zama ɓarna ga matar leburan da 'ya'yanta ba su da kuɗin magani. Wani zai ce ashe ke nan addini ya bar wa masu kuɗi kyau, ya bar wa talaka wa'azin haƙuri. Wannan tambaya tana da nauyi, kuma da gaskiya ne kyau a cikin kwalba mai tsada yake, da ta yi wuyar amsawa. Amma ba a can yake ba. Kaso mai yawa na kuɗin kwalbar nan kuɗin suna ne da talla da kwali da jirgi da kwastan. Abin da fata ke bukata kaɗan ne, watau tsabta, da maiƙon da zai tsare danshinta, da kariya daga zafin rana. Likitocin fata da kansu sukan ba da shawarar basilin, wanda ba shi da tsada, ga mai bushewar jiki da faso.

Hanya ta biyu ita ce mafi haɗari, kuma ita ce ta gaskata karin maganar Hausawa da ke cewa araha ba ta ado. Yawancin haɗin da ake zubawa a robobi marasa suna man bilicin ne, ana cusa masa ɗaya daga abubuwa uku. Akwai zaiba, wadda 'yan boko ke kira makuri, tana ratsa fata ta taru a jiki ta lalata ƙoda da jijiyoyi, tana kuma iya kaiwa ga ɗan da ke ciki ko wanda ke shan nono. Akwai haidurokwinon, wanda idan aka daɗe ana shafawa sai ya juya ya bar baƙin tabo mai kauri a kumatu, mai wuyar fita. Akwai kuma magungunan sitiroyid masu ƙarfi, waɗanda asalinsu na cutar fata ne da likita ke rubutawa na ɗan lokaci, suna sirantar da fata, su kawo nankarwa da ƙuraje, su sa rauni ya ƙi warkewa. Duhun fata da ake yaƙa da waɗannan abubuwa wani sinadari ne mai suna melanin, wanda Allah ya sanya garkuwa daga hasken rana. Mai kankare shi a ƙasa mai rana irin Kano ya yaye rufin ɗakinsa ne da hannunsa.

Abin bai tsaya a kan 'yan tsiraru ba. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya kawo cewa kashi 77 cikin ɗari na matan Nijeriya suna amfani da mayukan hasken fata. A 2023 hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. A 2025 kuma BBC ta kawo labarin wata uwa a Kano da ta shafa wa 'ya'yanta shida irin wannan mai, don ta ga dangi sun fi son jikoki masu haske, yaran suka ƙare da ƙuna da tabo. Garin neman gira an rasa ido.

Shari'a tana da magana a kan wannan ta fuska uku. Ta farko, ƙa'idar hana cuta da cutarwa, wadda Imamu Malik ya kawo hadisinta a Muwaɗɗa. Jiki amana ne, jikin yaro kuwa amana ce a kan amana. Ta biyu, aya ta 22 ta Suratur Rum ta lissafa bambancin harsuna da launukan mutane a cikin ayoyin Allah, aya ta 119 ta Suratun Nisa'i kuma ta nuna cewa jirkita halitta yana daga abin da Shaiɗan ya ɗauki alkawarin umartar mutane da shi. Da wannan ne malamai da yawa suka hana sauya launin fata don ƙawa, suka bambanta shi da maganin tabo ko ƙyasbi a hannun likita. Ta uku ta shafi mai tebur. Annabi ya taɓa cusa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshin da aka ɓoye a ƙasa, ya barranta daga mai algus. Wanda ya dama guba ya kira ta man gyaran jiki, ko ya zuba jabu a kwalbar asali, ya shiga wannan gargaɗi, kuma ribarsa ba ta da albarka.

Sai dai ba adalci ba ne a sauke laifin duka a kan mata. Saurayin da ya aika a nemo masa fara, da magidancin da ke yabon hasken amarya a gaban uwargida, da surukar da ke ɗaga jika mai haske ta ture baƙi, su ne suka buɗe kasuwar. Matar da ke tsoron kishiya ba ta ƙirƙiri tsoron da kanta ba. Annabi ya bayyana a huɗubarsa ta Hajjin Bankwana cewa launi ba ya ɗaukaka kowa sai taƙawa, kuma Bilalu, baƙin mutum ɗan asalin Habasha, shi ne ladaninsa. Gidan da aka yarda da wannan da gaske, mai haɗin bilicin ba zai samu ciniki a cikinsa ba.

Saura hanya ta uku. A gonakin kudancin Kano, daga Kiru da Bebeji har zuwa gefen dajin Falgore, kaɗanya tana tsaye tare da ɗorawa. Mata ne ke tsintar 'ya'yanta da damina, su dafa ƙwallon, su shanya, su fasa, su soya, su niƙa, su yi ta bugu da ruwa har mai ya taso. Wannan man kaɗanyar da ake rainawa saboda ƙaurinsa, shi ne kamfanonin Turai ke saye su tace, mafi yawansa ya tafi cikin cakulan, saura ya shiga mayukan shafa, a dawo da shi cikin kwalba mai ƙyalli da farashi ninki-ba-ninki. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan ƙwallon kaɗanya, amma ribar tana wajen masu tacewa. Shi ya sa a watan Agusta 2025 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyen ƙwallon na wata shida, don a riƙa sarrafa shi a gida. Kaɗanya takan shekara goma sha biyar ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, mai gawayi kuwa a yini guda yake kayar da ita. Wanda ya sayi man kaɗanya a hannun maƙwabciyarsa ya gyara fatar iyalinsa, ya ciyar da gidanta, ya kuma ba manomi dalilin barin bishiyar a tsaye.

Haka sabulun salo, da alayyadi, da dilka da halawa waɗanda suka shigo ta Barno, da kurkur, da aswaki, da jan lalle. Lalle ma yana da wani fifiko a kan jan farce na kanti, domin shi rini ne da ba ya hana ruwan alwala isa ga farce, jan farce kuwa shamaki ne da malamai suka ce sai an kankare shi alwala ta inganta.

Amma fa kada a ɗauka duk abin da aka gada lafiyayye ne. Hadisi ya yaba kwallin ismid, sai dai da yawa daga baƙin dutsen da ake niƙawa a zuba a tandu dutsen dalma ne. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri a birnin Boston da aka samu dalma ta yi yawa a jininsa, aka bi sawu aka tarar daga kwallin da aka kai daga Nijeriya ne, wanda fiye da kashi 80 cikin ɗari nasa dalma ce. Mutanen Arewa sun san aikin dalma tun 2010, lokacin da ƙurar haƙar zinariya ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara. Don haka ranbaɗa wa jariri kwallin da ba a san asalinsa ba kuskure ne. Haka baƙin lalle da ake haɗawa da dayis, yakan ƙona fata ya tashi bororo. Sabulun salo ma idan tokarsa ta yi yawa yana cin jiki.

Ashe ke nan ma'aunin Musulmi a gaban teburin kayan shafa tambaya uku ce. Shin abin nan halal ne? Shin an san abin da ke cikinsa, ba ya cutarwa? Shin aljihu zai ɗauka ba tare da bashi ko tauye abincin yara ba? Na kanti a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewarsa, na gida a san hannun da ya yi shi, wanda ya yi alkawarin haske cikin mako guda kuwa a bar wa mai shi. Arahar da ba ta ado ita ce ta jabu da guba. Arahar abin da aka san asalinsa tana ado, kuma ita ce kwalliyar da ke biyan kuɗin sabulu.

Nauyi ya rage a kan limamai su faɗi wannan a mumbari, malaman Islamiyya su faɗa wa ɗalibansu mata, iyayen ango su rage gasar akwati, mazaje kuma su sauke haƙƙin man shafawa da lalle da daɗin rai, su yaba wa matansu a launin da Allah ya yi su. Allah ya ba da wadatar zuci, ya tsare lafiyar iyali, ya sa a gane gaskiya a bi ta. Amin.