Ganuwar da maƙiyi ya bari

A gaɓar tekun Normandi, a ƙasar Faransa, akwai wani ƙauye da ake kira Longues-sur-Mer. Nan Jamusawa suka gina ɗakuna huɗu na suminti mai kauri, kowane da igwarsa mai bakin milimita 150 tana kallon ruwa. Wani yanki ne na ganuwar Atlantika, wadda Hitila ya ba da umurnin a yi a 1942, daga Norwe har iyakar Sipaniya. Ran 6 ga Yuni 1944 igogin suka yi harbi kan jiragen ruwan ƙawance, washegari sojan da ke ciki suka miƙa wuya. A 2001 gwamnatin Faransa ta sa wurin cikin kayan tarihin da doka ke karewa. Yau in ka fasa masa kusurwa, kai ne mai laifi.

To, ya kamata ƙasa ta yi tattalin abin da aka gina don a danne ta?

Masu cewa a rushe suna da hujja. Igwa tana da kwarjini. Yaro ya zo ya shafa ƙarfen, ya ɗau hoto, ya koma gida yana yabon gwanintar Jamus. Amma ni ina ganin rushewa ta fi yi wa azzalumi daɗi. Shaidu na mutuwa, ƴan kaɗan suka rage cikin waɗanda suka ga yaƙin da idonsu. Suminti kuwa ba ya mutuwa da wuri, kuma da wuya mutum ya tsaya gabansa ya ce wai ba a yi ba.

Inda nake da ja shi ne labarin da ake haɗawa da ginin. An fi son zancen janar-janar da nisan harbi. Wa ya kwaɓa sumintin? Hukumar Todt ce ta riƙe aikin, kuma cikin leburorinta akwai dubban mutanen da aka tilasta, da fursunoni, har da kamfanonin Faransa da suka ci kwangila suka samu kuɗi. Wannan ɓangaren ba ya daɗin faɗi gaban baƙi.

Mu nan kalmar aikin tilas ba baƙuwa ba ce. Lokacin da ake tilasta wa Bafaranshe ɗaukar tsakuwa a bakin teku, kakanninmu na ɗaukar ta a hanyoyin Nijar bisa umurnin kwamandan. Sai a Afrilun 1946 doka ta hana, kusan shekara biyu bayan igogin Longues sun yi shiru.