Godiya ga Allah Idan Shekara Ta Zagayo

Godiya ga Allah, a wurin malaman Musulunci, ta rataya ne a kan abu uku: zuciya ta yarda cewa ni'ima daga gare Shi take, harshe ya ambace ta, gaɓoɓi kuma su sarrafa ta inda Ya yarda. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya haɗa haƙuri da godiya a littafi guda cikin Ihya'u Ulumiddin, kuma haɗin ya dace, domin shekara ba ta zuwa da daɗi zalla.

Idan mutum ya waiwayi shekararsa, abin da ya fito fili yake fara ƙirgawa: rumbu ya cika, an yi suna, yarinya ta sauke Alƙur'ani. Wanda ake mantawa shi ne na yau da kullum, kamar mutum ya farka da asuba ya ɗauki buta da kansa, ba mai tallafa masa. Wanda ya taɓa zaman jinya ya san darajar wannan.

Shi kuwa wanda shekarar ta zo masa da rashi ko asara, ba a ɗora masa yin murna da musiba ba. Haƙuri ne wajibinsa, sai godiya a kan abin da ya rage masa.

Godiyar dukiya tana da ma'auni. Hatsin damina, idan ya kai nisabi, ana fitar da ɗaya cikin 10, wanda aka yi wa ban ruwa da wahala kuma ɗaya cikin 20. Kuɗin da suka kai nisabi suka shekara, zakkarsu ɗaya ce cikin 40.