Ya Halatta Magini Ya Yi Shakka?

Ƴan uwa ɗalibai, ga tambayar da ta daɗe tana cin raina: wanda zai gina wa mutane wurin kwana, ya halatta ya fara aiki bai san ƙarshensa ba?

Ku zaga Birni ko Zango ku dubi tsofaffin soraye. Maginan da suka ɗaga su ba su riƙe takarda ba. Tubali ne, da azarar giginya, da ido. Adon da ke fuskar bango kuwa, tun yaɓe na ɗanye ake fitar da shi, hannu na tafiya magini na shawara. Haka Falke Barmu ya yi a Yama, cikin jihar Tawa: ya fara masallacin ƙasa a 1962, daga baya ya dawo ya sake rufin, ya ƙara hasumiyoyi. A 1986 aikin ya sami kyautar Aga Khan. Da ya jira sai ya ga komai a zuci kafin ya taɓa laka, da har yau fili ne.

Don haka ni ban ɗauki shakkar mai gini a matsayin rauni ba. Amma fa shakka iri biyu ce. A ado, gwada abinka. In bai yi kyau ba a shafe a sake. A rufi kuwa ba a gwaji, don ƙarƙashinsa jariri zai kwanta. Can sai abin da ka tabbatar, ko ka tambayi wanda ya fi ka, ko da kai ne ka riƙe takardar jami'a shi bai taɓa shiga lakwal ba. Girman kai a rufi caca ce da ran wani.

A Satumbar 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacin Birni, wanda ya haura shekara 150 a tsaye. Maginansa ba su san irin daminar da za ta zo ba, kuma ba wanda zai ce sun ci amana. Sun yi iyakar saninsu, sauran suka bar wa na baya. Ginin ƙasa ba ya ƙarewa. Kullum yana jiran yaɓe.

Na bayan nan mu ne. Wa zai koyi yaɓen a cikinmu?