Idan Maƙwabci Ya Ɗauki Kofi

A da an daɗe a Sudan ana rufe gasar ƙwallon ƙafa a ƙarshen shekara, daidai lokacin da iskar arewa ta fara kaɗawa, zafin Khartum ya ɗan sassauta. Sau da yawa wasan rufewa tsakanin Hilal da Marikh ake yin sa, don masu tsara jadawali sun san kofin ba ya wuce ɗayansu. Tun da aka fara gasar ta ƙasa baki ɗaya a 1962, sau uku kawai ya kuɓuce musu: Maurada ta ɗauka a 1968, Burri a 1969, sai Hilal ta Port Sudan a 1992. Ban da waɗannan, in ba shuɗin Hilal ba to jan Marikh ne. Ƙungiyoyin biyu duk 'yan Omdurman ne, filayen wasansu ma a unguwar Arda suke, tafiyar ƙafa ce tsakaninsu. Marikh ta samo asali tun 1908, ta ɗauki sunan da take da shi yanzu a 1927, Hilal kuma aka kafa ta a 1930.

A wasu ƙasashen, wata ƙungiya ta uku takan shigo ta ɗauke kofi, abokan hamayya biyu su haɗu su yi jaje tare. A nan babu wannan sauƙin. Duk shekarar da ba kai ka ci ba, maƙwabcinka ne ya ci, kuma ga wata biyu ko uku a gabanka babu wasan da za ka rama da shi. Ni ɗan Marikh ne, na kuma san wannan zaman ciki da waje.

Daren farko ba shi ne mai wuya ba. Kafin yaƙin 2023, motoci da raksha masu ƙafa uku sukan tsallako gada daga Omdurman da shuɗɗan tutoci, su biyo Titin Sittin suna danna oda har tsakar dare, kai kuwa ka rufe ƙofa ka ja bargo. Safiya ita ce magana. A Aljirif, kamar ko'ina a Khartum, gari na wayewa ne a gaban mai shayi: mace ce da murhun gawayi a gindin darbejiya, ga kwalabe jere na citta da kirfa da na'ana'a, ga ƙananan kujeru da aka saƙa da igiyar roba, ga hayaƙin turare na tashi. Masu buga jan bulo a bakin Shuɗin Nilu nan suke tsayawa kafin su gangara wurin aiki, masu lambu ma haka, da direbobi, da malaman makaranta. Ɗan Hilal yakan riga kowa zuwa. Yana riƙe da jaridar wasanni, ya naɗe ta yadda babban kanun zai kalle ka. Ba ya ɗaga murya. Sai ka zauna ya dubi mai shayi ya ce, "Hajiya, a ba ɗan'uwana shayi, yau ni zan biya. A ƙara masa sikari, bakinsa da ɗaci." Wurin ya ɗauki dariya. Idan kuma dattijo ne a cikin waɗanda suka ci, kai yaro za ka tashi ka je ka ba shi hannu, ka ce, "Kawu, barka da arziki." Shi kuma ya amsa da cewa Allah ya nuna mana taku, yana murmushin da ya fi zagi ciwo.

Abin da na daɗe ina lura da shi shi ne, wannan zaman yana da doka, ko da yake babu wanda ya taɓa rubuta ta. Dole ka fito. Wanda ya kashe waya, ko ya aiko a ce zazzaɓi ya kwantar da shi, ko ya sauya hanya ya bi ta bayan masallaci, ba za a bi shi gida ba, amma an rubuta masa. Baɗi idan tasa ta ci, ya zo da jar tuta yana rawar jiki, magana ɗaya za a yi masa ya zauna: "Ina ka shige bara?" Zolaya bashi ce. Wanda ya ci ta a shekarar daɗi, sai ya kawo kansa a biya a shekarar wuya. Bahaushe bai buƙatar a yi masa dogon bayani a kan wannan, don ya san wasan Bakano da Bazazzagi, ya san na Bafulatani da Babarbare, kakanninmu ma da shi suka biyo hanyar hajji har suka yada zango a wannan ƙasa. Abokin wasa yana faɗa maka maganar da in bare ya faɗa sai an raba ku, kai kuma ka shanye, don ka san da bakinka za ka rama wata rana, kuma idan mutuwa ta faɗo gidanka shi ne farkon mai shimfiɗa tabarma.

Bayan safiyar farko sai kowa ya nemi abin jingina. Kwana biyu zuwa uku alƙalin wasa ne ke shan suka, ana maimaita bugun fanareti da aka hana, ana auna satar gida da tafin hannu a kan tebur. Wannan ba ya daɗewa, don masu faɗa ma sun san ba duka ba ne gaskiya.

Sai a koma tarihi. Mu 'yan Marikh muna da 1989, shekarar da ƙungiyar ta ɗauki kofin Afirka na masu riƙe da kofunan ƙasashensu, wanda ake kira Kofin Mandela. Bendel United ta Nijeriya aka haɗu da ita a wasan ƙarshe, aka ci ta ɗaya da nema a Sudan, aka je birnin Benin aka tashi babu ci, Hamid Biraima na tsaron gida. Har yau babu wata ƙungiyar Sudan da ta ɗauko kofi daga gasannin hukumar ƙwallon Afirka ban da wannan. Hilal ta kai wasan ƙarshe na babbar gasar zakarun nahiyar sau biyu, Ahli ta Masar ta tare ta a 1987, Widad ta Kasabalanka ta tare ta a 1992. Don haka duk lokacin da aka matsa wa ɗan Marikh, sai ya haɗa babban yatsa da manuni ya yi alamar sifili, wato ku a waje ba ku da komai. Ɗan Hilal kuma ya fara ƙirga kofunan lig, waɗanda nasu suka fi yawa, yatsun hannu su ƙare ya ari na maƙwabci.

Ina son 1989, kuma ba zan daina faɗarta ba. Amma na ga yadda ta zame wa wasunmu wurin ɓuya. Daga 2003 zuwa 2007 Hilal ta ɗauki lig sau biyar a jere, kuma a duk waɗannan shekarun akwai masu amsa ɗaya tak a bakinsu, wadda suke ba yaran da ba a ma haife su ba lokacin da aka je Benin. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Mutumin da ya kasa cewa "sun fi mu bana" ba zai taɓa tambayar me ya sa suka fi mu ba, kuma shugabannin ƙungiya suna jin daɗin irin wannan magoyin baya, don ba ya tuhumar su da komai. Akwai kuma wata ɗabi'a da ban taɓa yarda da ita ba, ta mutum ya zauna gaban talabijin yana roƙon baƙi su ci maƙwabcinsa. A 2015 ƙungiyoyin biyu duk sun kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka. USM ta Aljeriya ta fitar da Hilal, TP Mazembe ta Kwango ta fitar da Marikh. Kowane ɓangare ya samu masu murnar faɗuwar ɗan'uwansa, Omdurman kuwa ta tashi hannu rabbana a shekarar da ta fi kusa da ganin 'ya'yanta biyu a wasan ƙarshe.

Babban maganin zaman jira shi ne lokacin rajistar 'yan wasa, wanda kowa ke kira tasjilat. Wanda bai zauna a Khartum ba zai yi wuya ya yarda cewa ranakun nan sukan kai ranar wasa zafi. Ƙungiya takan ɗauke ɗan wasan da take so ta ɓoye shi a wani gida, a karɓe masa waya, a sa masu gadi, don kada abokan hamayya su riga ta kai shi ofishin hukuma ya sa hannu. Kafin yaƙi, jaridun wasanni, waɗanda kowa ya san wacce ja ce wacce shuɗiya, sukan ƙare tun da hantsi. A wurin masu bulo za ka ga mutum tsaye cikin laka har gwiwa, rediyo rataye a jikin sanda, yana cika ma'auni yana kifewa, kunnensa na can. A nan wanda ya sha kaye yake samun abin da zai ɗaga kai da shi, don a kan takarda kowa zakara ne.

Wanda ba za a manta ba shi ne na ƙarshen 2012. Hilal ce ta ɗauki kofi a shekarar, sai kuma ta sallami kyaftin ɗinta Haisam Mustafa, wanda ya yi kusan shekara 17 yana sanye da shuɗiyar riga, har magoya baya suka yi zaman dirshan don nuna ƙin amincewa. Bai tafi ko'ina ba sai Marikh. Cikin 'yan kwanaki masu kofi suka koma su ne ake yi wa jaje, waɗanda suka rasa kofi suna ta rabon alewa. A 2013 kuma Marikh ta ɗauki lig. Kafin Haisam, Kelechi Osunwa na Nijeriya ma ya tsallaka daga Hilal zuwa Marikh. Sai dai ba kullum ake dacewa haka ba. An sha zuba maƙudan kuɗi a kan baƙon ɗan wasa don kawai a rufe bakin maƙwabci na wata biyu, a tare shi a filin jirgi da ganguna, kafin tsakiyar kaka an fara neman yadda za a rabu da shi. Kuɗin da aka ƙona ta wannan hanya da sun gina makarantun horar da yara da dama.

Kafin yaƙi, yaran kuwa ba su taɓa yin hutu ba. Da la'asar kowane fili a Aljirif cike yake, duwatsu biyu ne raga, wani ba takalmi, wani ƙafa ɗaya ya samu ya bai wa abokinsa ɗayar. Mai jar riga da mai shuɗiya a gefe ɗaya suke bugawa idan unguwa ta haɗu da unguwa. Burri da ta ɗauki kofin 1969 ma nan kusa da mu take, a wannan gaɓar kogin. Manyan da suka fi saurin warkewa, a ganina, su ne masu zuwa bakin irin wannan fili su tsaya, su sayi ƙwallo idan ta fashe, su raba faɗa.

Hamayyar tana da iyaka, an kuma ga iyakar. Ranar 6 ga Maris 2010, Endurance Idahor, ɗan Nijeriya mai ci wa Marikh ƙwallo, ya faɗi ana cikin wasa da Amal ta Atbara, bai sake tashi ba. A makokinsa babu wanda ya tambayi launin rigar wani.

Sau biyu aka ɗauke wa mutanen nan wasan gaba ɗaya. Na farko a 1976, lokacin da Shugaba Ja'afar Numairi ya rushe ƙungiyoyin ya ce a koma wasannin gama-gari. Ba a daɗe ba aka janye matakin, amma kafin nan 'yan wasa da yawa sun tafi ƙasashen Larabawa, ƙasar da aka kafa hukumar ƙwallon Afirka a babban birninta a 1957, ta kuma ɗauki kofin nahiyar a 1970, ta daɗe ba ta farfaɗo ba. Na biyu shi ne ranar 15 ga Afrilu 2023. Yaƙi ya ɓarke ana tsakiyar kaka, gasa ta tsaya cak. Mutanen Aljirif suka watse, wasu Madani, daga can ma aka sake korar su, wasu Gadarif da Kasala da Port Sudan, wasu Masar da Chadi, wasu suka nufi ƙasar kakanni da ba su taɓa gani ba. Mai biya maka shayi yana yi maka dariya, ka wayi gari ba ka san ko yana raye ba.

Ƙungiyoyin ma gudun hijira suka yi. A kakar 2024 zuwa 2025 a gasar Muritaniya suka buga, Hilal ta ƙare a saman tebur. A watan Yuli na 2025 aka shirya gajeriyar gasa a Atbara da Damar, Hilal ta sake ɗauka. Daga nan su biyun suka koma gasar Ruwanda. Wato mu ne dai har yanzu muke biyan bashi. Zolayar ta koma cikin waya, saƙon murya daga Alƙahira, hoton kofi daga Jidda, kuma na ga mutanen da da can sukan kashe waya kwana uku yanzu suna amsawa tun kafin ta gama ƙara, don muryar da ke yi musu tsiya ita ce shaidar cewa mai ita yana nan lafiya.

Duk da haka ba na so mu saba da wannan. Kofin da aka ci a Nuwakshot bai yi mini ciwo kamar wanda aka ci a Arda ba, kuma rashin ciwon nan shi ya fi damuna. Ba a yi odar motoci a Titin Sittin ba, babu wanda ya naɗe jarida ya ajiye a gabana, yaron da ke tasowa yanzu a ƙaramin allon waya ya san ƙungiyar ubansa. Tun da sojoji suka karɓe Khartum a watan Maris na 2025 mutane suke dawowa da kaɗan-kaɗan, suna share gidaje, suna neman ruwa da wuta da magani, kuma na san waɗannan sun riga ƙwallo. Amma idan an zo lissafin abin da za a gyara, a sa filayen nan biyu na Omdurman a ciki, da filayen unguwanni da yara ke jira a tabbatar babu abin fashewa a ƙarƙashin ƙasarsu. Ranar da aka dawo da wasan Hilal da Marikh gida, zan hau mota daga Aljirif in tsallaka Farin Nilu tun da azahar don in samu wurin zama, ko da alamu sun nuna mu za a ci.