YOGA: INA MAGANI YA TSAYA, INA BAUTA TA FARA?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.



Makon jiya, bayan mun tashi daga karatun tsakanin Magariba da Isha'i a nan Wurno, wani matashi ya jira sai da jama'a suka watse, sannan ya matso ya durƙusa. Manomin albasa da tafarnuwa ne a fadama. Tun yana yaro yake duƙe wajen dashe da ban ruwa, yanzu baya ya kama shi har ruku'u na yi masa wuya. Ya ce: "Allah shi gafarta Malam, wai ni na kahirta?"

Na ce: "Subhanallah! Wa yag gaya maka haka, ɗana?"

Ashe ya je asibiti a Sakkwato, likitan gashin ƙashi ya nuna masa wasu hanyoyin miƙe jiki da zai riƙa yi safe da yamma, ya kuma ce ya rage shan ƙwayoyin kashe ciwo. Da ya dawo gida ya manta wasu, sai ya shiga YouTube, ya faɗa kan bidiyoyin yoga. Ya yi wata biyu yana bi, ya ji sauƙi. Sai wani abokinsa ya gan shi, ya kai maganar majalisa: wai bautar Indiyawa yake yi, sai ya sake kalmar shahada, har aurensa ma da sauran magana. Yaron ya tsorata ya daina. Ciwo ya dawo, shi kuma ya koma wa ƙwayar kyamis.

Ban ce masa halal ba, ban ce masa haram ba. Na ce: "Ɗauko wayar ka nuna mani."

Ba dabarata ba ce wannan. A cikin Sahihu Muslim, Aufu ɗan Malik (RA) ya tambayi Annabi (SAW) game da tofe-tofen da suka gada tun zamanin jahiliyya. Annabi bai soke su gaba ɗaya don asalinsu ba, bai kuma amince da su a rufe ba. Ya nemi a bijiro masa da su ya ji abin da ke ciki, sannan ya bayyana cewa babu laifi matuƙar babu shirka. Ka ga an ba mu hanya: a buɗe abu a duba, sannan a yi hukunci.

Mun kalli bidiyo uku. A na farko, wani mutum ya kwanta rigingine, ya jawo gwiwoyinsa zuwa ƙirji, yana jan numfashi a hankali yana saki. A na biyu, sun fuskanci rana tana hudowa, sun haɗa tafukan hannu a ƙirji, suna duƙawa suna tashi. A na uku, an rufe ido ana maimaita wani sauti, "om, om". Dukkansu suna ɗaya, yoga. Amma ko makaho ya shafa ya san ba abu ɗaya ba ne.

ASALIN ABIN

Gaskiya ɗaya ce, yoga daga addini ta fito. Kalmar ta harshen Sansikirit ce na tsohuwar Indiya, tushenta na nufin haɗawa ko ɗaurawa. Shahararren littafinta na wani malaminsu ne mai suna Patanjali, wanda ya tsara ta hawa takwas. Yanayin zaman jiki hawa na uku ne, sarrafa numfashi na huɗu, ƙarshen tafiyar kuma kuɓutar da rai daga mutuwa da sake haihuwa, aƙidar da Musulunci bai yarda da ita ba sam. Sautin "om" abu ne mai tsarki a addinin Hindu. Wancan duƙawa da tashi da muka gani sunansa "surya namaskar", wato gaisuwar girmamawa ga rana, kuma masu yin sa a kan asalinsa suna ambaton sunayen abin bautarsu na rana guda 12.

Musulmi ba yau suka san da ita ba. Abu Raihan Albiruni, wanda ya rubuta littafinsa a kan Indiya wajen shekarar 1030, ya fassara littafin Patanjali zuwa Larabci don a san abin da mutanen suke cewa. Ya karanta, ya fahimta, ya kuma mutu yana Musulmi.

Amma salon da ya cika wayoyinmu, na jera motsi ɗaya bayan ɗaya don lafiya, ya bunƙasa ne a ƙarni na 20, kuma masu bincike sun nuna ya cuɗanya da atisayen Turawa da na 'yan kokawar Indiya. A Disambar 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Yuni a matsayin ranar yoga ta duniya, bisa shawarar firaministan Indiya Narendra Modi. Da aka zo bikin farko a 2015, Musulmin Indiya suka ƙi yarda da gaisuwar rana, aka cire ta daga tsarin bikin na hukuma.

Malamai ma sun duba. A Nuwamban 2008 majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yoga saboda abin da ta ƙunsa na ibadar Hindu. A Janairun 2009 majalisar malaman Indunusiya ta rarrabe: wadda ke da surkulle da ibada haramun ce, wadda motsa jiki ce zalla ta halatta. A 2017 Saudiyya ta amince da koyar da ita a matsayin wasan motsa jiki. Ka ga saɓanin bai shafi shirka ba, duk sun haɗu a kan haramcinta. Inda suka rabu shi ne: shin ana iya tsame maganin a bar bautar?

ABIN DA NA FAHIMTA

Ni dai abin da ya rinjaya a wurina shi ne ana iya wa, kuma mu Hausawa mun fi kowa sanin haka. Kokawa halal ce, Annabi (SAW) ya yi kokawa da Rukana ya kayar da shi. Amma wa bai san abin da wasu 'yan kokawa da 'yan dambe ke ɗaurawa a damtse da binnewa a fage ba? Malamanmu ba su ce kokawa kafirci ce ba, cewa suka yi a jefar da tsafin. Haka maɗori: ɗorinsa ilimi ne, idan ya haɗa da kiran iskoki, kiran iskokin ne za a hana.

Jawo gwiwa zuwa ƙirji ba shi da addini. Soja na yi, ɗan ƙwallo na yi, jinjiri ma na yi a shimfiɗarsa. Asalin al'amuran duniya halacci ne har sai dalili ya hana, asalin ibada kuma hani ne har sai dalili ya zo. Ramin Handaƙ dabarar Farisawa masu bautar wuta ce, Salmanu (RA) ya kawo ta, Annabi ya karɓa. Jagoran hanya a ranar Hijira, Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ, ba Musulmi ba ne a lokacin.

Ba sai mun je nesa ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya kafa wannan gari ribaɗi, ya rasu a cikinsa a 1837, kabarinsa na nan tare da mu, ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da ciwon ido da basir. Da Baturen Ingila Kilafatan ya zo masa a 1824, cikin abubuwan da ya nema har da a turo likita ya zauna a Sakkwato. Da Baturen ya dawo karo na biyu ya kawo masa littafin lissafi na Uƙulidus Bagirke da Larabci, ya same shi zaune da littafin a gabansa. Wannan fa ɗan Shehu Usmanu ne, gidan da aka yaƙi cakuɗa Musulunci da tsafi. Bai ji tsoron ilimin wanda ba Musulmi ba, bai kuma sayar da aƙidarsa ba.

To amma akwai iyaka, kuma iyakar ba wasa ba ce. Aya ta 37 a Suratu Fussilat ta hana sujada ga rana da wata, ta yi umarni da sujada ga wanda Ya halicce su. Ku duba tsananin kiyayewar shari'a: an hana mu nafila lokacin hudowar rana da faɗuwarta, alhali Allah za mu yi wa, don kawai masu bautar rana a lokacin suke yi mata sujada. Idan sallar Allah aka hana a wannan lokaci, ina ga jerin duƙawa da sunansa ma gaisuwa ga rana? Don haka na ce wa yaron: bidiyo na farko ci gaba da abinka, na biyu da na uku ka bar su har abada, ko da zuciyarka ba ta nufi bauta ba. Kyakkyawar niyya ba ta wanke siffar bautar wanin Allah.

Wani zai ce: "Malam, ai an hana kamanceceniya da su." Haka ne. Amma kamanceceniyar da aka hana ita ce a cikin abin da ya keɓanta da addininsu da alamominsa. In ba haka ba, da allurar asibiti da injin ban ruwa duk sun haramta. Duk da haka ina girmama malaman da suka hana gaba ɗaya, domin suna da hujjar da ba a raina ta: ba kowa ke iya tantancewa ba, kuma bidiyon da ya fara da ciwon baya yakan ƙare da maganar wani "ƙarfi" da ke cikin halitta da za ka haɗe da shi. Wanda ya bar ta duka don tsentseni ya kyauta, da sharaɗi biyu: kada ya bar neman magani, kada kuma ya kafirta ɗan uwansa.

Wannan na biyun shi ya fi tayar mini da hankali. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wanda ya jefi ɗan uwansa da kafirci, kalmar za ta koma kan ɗayansu. Mutum bai kalli bidiyon ba, bai tambayi malami ba, ya fitar da mai salla daga Musulunci a bakin teburin mai shayi! Kuma ina ya tura shi? Ga ƙwayoyin da yawan shansu ke ɓata ciki da ƙoda, ko ga taramol da ta gama da samarinmu da yawa. Wallahi wannan ba kishin addini ba ne, ganganci ne.

SALLA BA YOGA BA CE

Akwai kuma masu cewa, da kyakkyawar niyya: "Ai salla ma yoga ce, ruku'u na gyara baya, sujada na kai jini ƙwaƙwalwa." Ku daina wannan magana. Muna salla ne don an umarce mu, ko jiki ya amfana ko bai amfana ba. Mara lafiyan da ke salla a kwance da ishara bai motsa komai ba, amma sallarsa cikakkiya ce. Ranar da ka mayar da sujada atisaye, wanda ya sami atisayen da ya fi ta zai tambaye ka amfaninta.

Kafin mu rabu yaron ya faɗi wata magana da ta tsaya mini a rai. Ya ce ba bayan kaɗai ba ne, in ya zauna minti goma yana numfashi a hankali, sai ya ji hankalinsa ya kwanta. Ban yi mamaki ba. Duk wanda ke zaune tsakanin Wurno da Rabah da Goronyo a shekarun nan ya san barci da kunne ɗaya a buɗe. Zukata sun gaji.

Na ce: "Minti nawa kaka yi ga sallar Azahar?"

Ya sunkuyar da kai yana murmushi. Ni ma ban ƙara magana ba, don tambayar ba ta tsallake ni ba. Tun a Ahalari aka koya mana cewa ɗuma'nina, wato gaɓoɓi su natsu a kowane rukuni, farilla ce. Annabi (SAW) ya mayar da wani mutum ya sake salla har sau uku saboda rashin ta, kuma yakan nemi Bilal (RA) ya tayar da salla don ya sami hutu da ita. Aya ta 28 a Suratur Ra'ad ta gaya mana cewa da ambaton Allah zukata ke natsuwa. Numfashi a hankali yana kwantar da jiki, ba laifi a yi shi. Amma idan ɗanmu ya ba wa baƙo a waya minti goma na natsuwa, ya ba wa Ubangijinsa minti biyu na caccakar kaza, mu da muke limanci da karantarwa mu fara tuhumar kanmu.

A TAƘAICE

1. Mai ciwo ya fara da likita, ya karɓi motsin da ya dace da shi. In akwai sanyin ƙafa ko mutuwarta, kasa riƙe fitsari, zazzaɓi ko rama, ba maganar miƙe jiki ba ce, asibiti za a koma da gaggawa.

2. Ka nisanci gaisuwar rana, da "om", da duk kalmar da ba ka san ma'anarta ba, da duƙa wa wani don girmamawa.

3. A kiyaye ido da al'aura. Mata su yi a ɗakunansu ko tsakanin mata.

4. In akwai hanyar motsa jiki da ba ta ratsa ta wannan ƙofa ba, ita ta fi.

5. Kada ka yanke hukunci a kan abin da ba ka gani ba, balle ka kafirta Musulmi.

Wallahu a'alam. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya tsare mana tauhidinmu, Ya zaunar da yankinmu lafiya, Ya sanya sanyin idonmu a cikin salla. Amin.